Awa Ɗaya Daga Kwatano Zuwa Yamai

Damina uku mijina ya yi bai taka garinmu ba. Garin namu ɗan ƙauye ne a kudu da Gangara, dab da iyaka. Shi kuwa yana Kwatano, can bakin teku, yana tura baro a babbar kasuwa, yana kwashe wa masu albasa buhuna daga gindin mota zuwa rumfa. Ni ina zaune a gidansu, ƙofar ɗakina tana kallon ta mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna.

Shi ne ɗanta na fari, Inna kuma irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Lokacin da yake gida, in zai gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice. In maganarsa ta kama dole, sai ta ce mini "mutumin naki", ko kuma "wancan". Don haka ko da ya aiko mini da salula, babu wanda ya yi tunanin Inna za ta kara ta a kunne. Duk abin da zai bi tsakaninsu, ta bakina yake bi.

Ranar Juma'a yake kira, bayan an sauko daga masallaci. A gidanmu wuri ɗaya rezo, wato sabis ɗin waya, yake tsayawa, gindin rumbun gero, sai in je can in buɗe muryar salular. Inna kuwa duk Juma'a sai ta samo wani aiki kusa da rumbun, ko ɓarar gyaɗa ko tsince wake, ta zauna ta ba ni baya. Kunnenta ɗaya ya yi nauyi, ga rezo yana yankewa, saboda haka muryarsa take ji, ba maganarsa ba. In ta ji mun fara sallama sai ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ki ce masa Allah ya yi albarka." Ni kuma in maimaita. Ya taɓa gaya mini cewa wannan kalmar yake jira duk mako. Ya ce in ya ji ta, buhu ba ya yi masa nauyi har wata Juma'ar.

Bayan an kashe waya sai Inna ta ce, kamar da waken take magana, "Me ake ciki can?" A nan nake da laifi, kuma gara in faɗe shi tun yanzu.

A aji shida na bar lakol, wato makarantar boko, amma ban bar karatu ba. Akwai wani mai tebur a kasuwar Gazawa da ke kawo littattafan soyayya daga Katsina, yana jera su tsakanin sabulu da man shafawa. Duk wanda za shi kasuwa sai na ba shi sautu. Na karanta su har bangonsu ya mutu, na ɗinke da zare. A cikinsu namiji ba ya tafiya ya dawo da faso a ƙafa. In ya bar gida, shafi biyu tsakani ya zama mai kanti. In aka ce yana wata ƙasa, layi ɗaya ya isa a ce jirginsu ya sauka, ya fito da ƙamshin turare, matarsa tana tsaye da sabon lalle. Na san ƙagen labari ne. Amma in Inna ta tambaye ni me ake ciki, sai bakina ya zame. Shi ya ce kasuwa da sauƙi, ni in ce ya kama rumfa tasa. Ya turo hoto yana jingine da wata farar mota da ya tarar a bakin titi, Inna ta kalle shi da gefen ido ta ce, "Ta wa ce?" na ce ta wajen aikinsu ce, wata biyu bayan nan ta zama tasa. Ina so ta kwana da daɗi. Kuma ni ma ina jin daɗin ji daga bakina.

Abin ya faru da bazara, ana jiran ruwan shuka. Na tafi likita, wato asibiti, a Gangara karɓo wa Inna maganin gwiwa. Can rezo yana da ƙarfi. Muna zaune a benci muna jiran layi, wata ma'aikaciyar wurin, yarinya mai fara'a, ta ga ina duba hoton mijina, ta tambaye ni inda yake. Da na gaya mata sai ta karɓi salular ta ce bari ta nuna mini wani abu. Ta rubuta Kwatano, ta rubuta Yamai. Sai ga taswira ta fito, an ja layi daga bakin teku zuwa sama, miƙe kamar zaren da aka ɗaure, da ɗan hoton jirgi a tsakiya. A ƙasa an rubuta nisan filin jirgi zuwa filin jirgi, kilomita kusan ɗari takwas. An kuma rubuta lokacin tafiya: awa ɗaya da 'yan mintoci.

Na karanta sau uku. Damina uku ina ganin mijina a ƙarshen duniya, sai ga shi yau an ce awa ɗaya ce tsakani. A amalanken shanu na dawo gida, rana tana duka, ban ma ji ta ba. Ina ta lissafi a raina: da ya shiga jirgi lokacin da muka baro likita, da yanzu da muka kawo gindin kukar nan ya sauka. Na gan shi yana saukowa daga matakala da farar shadda. Na ga kaina a tsaye. Har wata mata da muke tare ta taɓa ni ta ce, "Ke lafiya kike dariya ke kaɗai?"

Na tarar da Inna ba walwala. Ɗan maƙwabciyarmu ya dawo daga cirani a ranar, don ya kama shuka, ana ta guɗa a gidansu. Inna tana tankaɗe, ta ce, "Kowa nasa ya dawo. Mu sai haƙuri, tunda tafiyar ba ta kwana ɗaya ba ce."

Na ce, "Inna, ai babu nisa. Yau aka nuna mini. A jirgi awa ɗaya ce kawai."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Awa ɗayan nan kamar yaya ke nan?"

"In an taso da azahar, la'asar ba za ta yi ba an sauka."

"Da can ɗin, da nan zuwa kasuwar Gangara a amalanke, wanne ya fi daɗewa?"

Na yi dariya don murna. Na ce, "Ai Gangara ta fi, Inna."

Ta ajiye rariyar a kan ƙwarya, ta kakkaɓe hannu. Ta ce, "To."

Ni a ganina albishir na yi mata. Sai ranar Juma'a na gane abin da na aikata. Salula ta yi ƙara, na tafi gindin rumbu, na buɗe murya. Inna ba ta fito ba. Na ja hira, na tambaye shi ruwa, na tambaye shi albasa, na sake tambayarsa ruwa, ina kallon ƙofar ɗakinta. Har ya ce, "Inna fa?" Na ce ta ɗan kishingiɗa ne. Ya ce in gaishe ta. Wata Juma'ar ma haka. Ta uku tana tsakar gida salular ta yi ƙara, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki ta saki labule.

Shekara uku tana yafe masa don ta ɗauka hanya ce ta hana shi. Ni kuma da bakina na matso mata da shi kusa, ya fi kasuwar da take zuwa sayen daddawa kusa, kuma bai zo ba.

Na shiga ɗakinta na durƙusa. Na ce jirgin nan ba a ƙofar gida yake sauka ba, a Yamai yake sauka, daga Yamai kuma sai an yi wuni guda a mota kafin a zo Maraɗi, daga Maraɗi sai Agiye, sai Gazawa, sannan nan. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ɗiyata, ranar nan ba tambayarki na yi ba, ke kika faɗa, kina dariya. Yau kuma kin zo da dogon bayani kina sunkuyar da kai. Na ranar nan na ɗauka."

Sai na tafi wajen Baffa, ƙanin marigayi mahaifin mijina. Shi kaɗai ne a dangin ya taɓa hawa jirgi, da ya je aikin hajji. Na roƙe shi ya zo ya gaya wa Inna irin wahalar da ke cikin abin. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya zo da yamma da carbinsa, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya gyara zama. Da farko ya kama hanya, ya faɗi kwanakin da suka yi a Yamai suna jira. Amma da ya zo kan jirgin kansa, sai idonsa ya kawo haske.

Ya ce, "Yaya, jirgi ai ikon Allah ne. Mun taso da hantsi, aka kawo mana abinci a ɗan faranti, na ɗan runtsa, sai ji na yi ana cewa ga ƙasa mai tsarki. Makka fa nake gaya miki! Wadda kakanninmu ke yin shekara bakwai a hanya!"

Inna ta ce, "Makka ma wuni ɗaya?"

"Wane wuni? Ko wunin ba a cika ba."

Ina tsaye a bayansa ina murza bakin zanena. Da zai tafi ya ce mini, "Kin ga na yi mata bayani, ta gane sarai."

Autar Inna tana aure a Agiye. Tsakanina da ita wasa ne na ƙanwar miji, ba ta taɓa shigowa gidan ba tare da ta tsokane ni ba. Na aika mata, ta zo ranar kasuwa a kan kabu-kabu, goyo a baya. Tun daga ƙofa take kira, "Ina matarmu mai jirgi? An ce kin buɗe filin sauka a bayan rumbu, na zo a yanka mini tikiti!"

Na ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Shiga ki gyara mini ɓarnar da na yi."

Ita auta ce, tana iya zama a kan gadon Inna ta faɗi abin da ta ga dama. Na tsaya a bakin ƙofa ina ji. Ta ce, "Haba Inna, jirgi ai na masu hali ne. Ina Yaya ina kuɗin jirgi?"

Inna ta ce, "Mai rumfa da farar mota ba mai hali ba ne?"

"Wace mota?"

Auta ta ɗaga labule ta dube ni, wasan ya bar fuskarta. Ita ta san gaskiya, don mijinta yana da ɗan'uwa a Kwatano. Ta ce a hankali, "Matarmu, wace mota?"

Na shiga na faɗi komai. Babu rumfa, babu mota. Baro ne, da buhunan albasa, da ɗaki ɗaya da suke kwana su shida. In ya bar wurin na wata guda, wani zai maye gurbinsa. Kuma kunyar dawowa hannu wofi ta fi komai riƙe shi. Ina faɗa ina kuka. Na ɗauka in ta ji talaucinsa za ta yi fushi da ni, ta huce da shi, kuma na yarda da wannan cinikin.

Inna ta kalli ƙasa. Ta ce, "Shekara uku ina jin yaron nan da kunnenki. Yanzu kin ce wancan ƙarya ne, wannan ne gaskiya. Gobe in kika zo da wani fa? Ni ba karatu na yi ba, ɗiyata. Ba ni da inda zan duba."

Ba ta zage ni ba. Ba ta daina ba ni nono in ta saya ba. Amma maganata ta daina shiga. Ko ruwa na ce ya taso daga gabas, sai ta fita ta duba da kanta.

Ban iya ɓoye masa ba. Juma'a ta bakwai ya ce in gaya masa gaskiya, ko Inna ba ta da lafiya ne ake rufe masa. Na gaya masa duka, har da motar. Na jira faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Wato cewa take ina da jirgi na ƙi hawa."

Na ce, "Ka biyo mota, ka zo ta gan ka. Zuwan ne magani."

Ya ce, "In na biyo mota za ta ce na ga dama ne yau. Jirgin take magana."

Na roƙe shi. Ya ce rezo ba kyau, ya kashe. Bayan mako biyu na ji daga bakin mijin Auta cewa ya sayar da baron, ya haɗa da duk abin da ya tara, wani ɗan garinsu mai ilimin boko ya raka shi ya yanko tikiti. Abin da ya yi niyyar ya zo da shi ya rufa wa Inna ɗaki da kwano, shi ya tafi a takarda ɗaya.

Ranar Talata da hantsi ya kira. Damina ta riga ta zauna, gero ya kai gwiwa. Ya ce, "Ga ni a filin jirgi. An ce in mun shiga a kashe waya." Na tsaya a tsakar gida na faɗa da ƙarfi, kamar da kaji nake, cewa yau za a taso, kuma a jirgi.

Jim kaɗan sai Inna ta fito da bokiti ta shiga wanka. Ta buɗe kwallarta ta ciro baƙin zanen saƙi da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ta tare Bafillatanar da ke kawo mana nono ta saye wanda ya fi kauri, ta ce in dama fura in rufe da sabon faifai. Sannan ta ja tabarma zuwa inda zanan gidan ya ɗan buɗe, wurin da ake hango hanyar Gangara, ta zauna.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, Yamai zai sauka fa. Ba yau zai iso ba."

Ta ce, "Na ji."

Ba ta tashi ba. Wani lokaci ta kalli hanya, wani lokaci ta ɗaga kai sama. Kuma in faɗi gaskiya, ni da na san taswirar, ni da na san sunan kowane gari da ke tsakani, sai da na shiga ɗaki na sa kwalli, na turara zanena. Duk babur da ya yi ƙara daga nesa sai in leƙa hanya.

Kafin azahar ya sake kira. Ya sauka. Na ce yaya jirgi? Ya ce kujerar tsakiya aka ba shi, bai ga komai ba sai ƙeyar wani mutum, kunnuwansa sun toshe, kuma bai gama addu'o'in da ya sani ba aka ce an iso. Sannan ya ce motocin Maraɗi da asuba suke tashi, na yau sun tafi tun yana Kwatano. A tasha zai kwana.

Na je na gaya wa Inna.

Ta ce, "Ya sauka?"

"Ya sauka."

"Yana ƙasar nan ke nan."

"Yana ƙasar nan, Inna, amma..."

"To."

Ta zauna har la'asar, har rana ta yi ja. Da aka kira magariba ta naɗe tabarmarta da kanta, ta ce in ba yaran maƙwabta furar kafin ta yi tsami. Washegari ta sake ɗaura zanen, ta zauna rabin wuni. Shi yana cikin mota tun asuba, sai bayan faɗuwar rana suka shiga Maraɗi. Rana ta uku Inna ta mayar da zanen cikin kwalla. A ranar ya jira motar Gazawa ta cika, aka yi ruwa mai ƙarfi a Agiye, hanyar Gangara ta zama tafki, mai kabu-kabu ya sauke shi tun kafin gari ya ce ba zai kashe babur ɗinsa ba. Da la'asar ya shigo gida a ƙafa, laka har gwiwa, da jaka ɗaya a kafaɗa.

Na sha tsara wannan shigowar a raina. Wanda ya shigo ya rame, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, tafin hannunsa kamar bayan itace. Na karɓi jakar, ba ta da nauyi. Bai ko sha ruwa ba ya wuce ƙofar Inna, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Na same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

Tana zaune a bakin gado, fuskarta a bango. Ya daɗe a durƙushe, laka tana bushewa a ƙafarsa. Da ya shigo ɗakina ya ce, "Ta huce?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ban sani ba kuwa. Tun yana yaro haka take karɓar gaisuwarsa. Wanda yake bakin ƙofa bayanta kawai yake gani, ko kunya ce ko fushi.

Kwana ashirin ya yi. Ya nome gonar Inna shi kaɗai, ya maimaita. Ya hau ɗakinta ya toshe inda ke yoyo da sabuwar ciyawa. Kullum da safe ya durƙusa, kullum "lafiya lau". Ta kan zuba tuwo da yawa ta ce in kai wa mutumin nawa, wani lokaci da ɗan man shanu a kai, sai mu zauna ni da shi muna kallon man, muna neman ma'ana a cikinsa. Auta ta zo ta yi surutunta, ta ce wa Inna, "To ga shi ya hau jirgin naki, kwana uku ya yi, sai me kuma?" Inna ta ce tun Talata da azahar yake ƙasar nan, ita ba ta san inda ya tsaya ba.

Mai albasan da yake yi wa dako ya kira ya ce in bai dawo ba zai ba wani wurin. Ba shi da baro yanzu, haya zai riƙa ɗauka, amma babu wani abin da za a ci in ya zauna. Ranar tafiya ya durƙusa a ƙofarta da jakarsa a gefe.

"Inna, zan koma."

"To. A sauka lafiya."

Abin da ake ce wa kowane baƙo ke nan. Ya jira. Ni ma na jira, ina riƙe da murfin tukunya na manta da shi a hannuna. Mai kabu-kabu ya yi oda a waje, ya sake yi. Mijina ya dafa ƙasa ya miƙe.

Ta ƙasa ya koma, a ƙananan motoci, daga tasha zuwa tasha. Na ce masa duk garin da ya kai ya kira ni, ko minti ɗaya ne. Ba dabara na yi ba, dabarata ta ƙare. Muryarsa kawai nake so. Ranar farko da la'asar ya ce yana Maraɗi, can zai kwana. Rana ta biyu da azahar ya ce Konni. Ina sauke salular sai na ji an ce daga bayana, "Ina aka kai?"

Inna ce, tana tsaye da buta a hannu. Na ce Konni. Ta san Konni, an taɓa kai wata 'yar'uwarta aure can, ba a sake ganinta ba sai sau biyu. Ta ce, "Sai yanzu aka kai Konni?" Ta wuce alwala.

Da la'asar ta sake tambaya, na ce Dogon Dutsi. Da magariba Doso. Wannan karon ba daga bakina kaɗai take ji ba, don in ya kira takan matso har ta jiyo kukan injin mota da hayaniyar 'yan tasha a bayan muryarsa. Rana ta uku ya kai Gaya, ya ce sun wuni a bakin iyaka ana duba takardu, ga kogi a gabansu. Daga nan sunayen suka zama waɗanda ba ta taɓa ji ba. Kandi. Paraku. Ba ta maimaita su, sai dai ta ce, "Har yanzu tafiya ake?" In ce har yanzu. Ta ce, "Ba a tsaya ba?" In ce sai dai a sauka wannan motar a hau waccan. A rana ta uku ba ta ci tuwon kirki ba.

Rana ta huɗu da yamma ya kira ya ce ya shiga Kwatano, ƙafafunsa sun kumbura. Inna tana zaune a gindin rumbu, ta ba ni baya, babu gyaɗa babu wake a gabanta. Na ce, "Inna, ya isa."

Ba ta waiwayo ba. Sannan ta ce, a hankali, "Ƙasar da nisa."

Ban motsa ba. Shi ma yana kan layi, ina jin numfashinsa. Ta gyara ɗaurin kallabinta. Ta ce, "Ki ce masa..."

Na ƙanƙame salular da hannu biyu.

"Ki ce masa jar akuyar nan ta haihu."

Na maimaita masa. Ya ce, "Shi ke nan abin da ta ce?" Na ce shi ke nan. Can ya ce, "Nawa?" Na ce biyu, mace da namiji. Ya yi wata irin dariya da ba ta fito duka ba, ya ce, "Ki ce mata na ji. Allah ya raya."

Daga ranar ta dawo gindin rumbu duk Juma'a. Saƙo kuma bai yanke ba. A ce masa gero ya yi kai. A ce masa wane ya rasu. A ce masa rufin da aka gyara bai sake yoyo ba. Duk Juma'a in muka zo sallama sai ya ja lokaci, ya ce to, ya sake cewa to, ni kuma in kalli bayan Inna. Waccan kalmar ta sa albarka ba ta dawo ba. Ko ta riƙe ta ne da gangan, ko kuwa bayan wata da watanni bakinta ya kasa komawa gare ta, ban sani ba. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na ce, "Inna, ba a ƙara komai?" Ta ce, "Kiredin wayarku zai ƙare." Na sha yin niyyar in faɗa masa da kaina, in ce ta faɗa a hankali ne bai ji ba. Zai yarda, ko ya nuna ya yarda. Na kasa.

Bazarar da ta biyo baya zazzaɓi ya kama ta, kwana biyar. Ta cika bayan sallar asuba, kanta a kan cinyata, Auta tana riƙe da hannunta. Kafin rana ta take an kai ta. Babu wanda ya yi maganar a jira kowa, babu wanda ya ambaci jirgi.

Bayan maza sun dawo daga maƙabarta na kira shi. Baffa ya riga ya sanar da shi tun da safe. Muka yi wa juna gaisuwa kamar baƙi. Sannan ya ce, "Kina wurin?"

Na ce ina wurin.

"Ba ta ce komai ba?"

Na ce ta nemi ruwa, na ba ta. Ta tambaya ko an ɗaure awaki. Sai kalmar shahada.

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ina jin kasuwa a bayansa, mota tana ja da baya, wani yana ƙwala masa kira da harshen da ban sani ba. Ya ce, "Ana nemana," ya kashe.